Muhimmancin tallata haja wajen bunƙasa kasuwanci

A kowace babbar kasuwa ta ƙasar nan ana iya samun shaguna biyu a layi ɗaya, kayansu iri ɗaya, jarinsu kusan ɗaya, amma ɗaya ba ya rabuwa da masu saye, ɗayan kuwa kayansa na yin kwantai har ƙura ta rufe su. 'Yan kasuwa kan ce kowa da rabonsa, kuma gaskiya ne. Sai dai idan aka duba da kyau, sau da yawa za a tarar mai shagon farko ya san waɗanda yake sayar wa kaya da abin da suke so, ya kuma san hanyar da zai bi su ji labarinsa, su zo, su sake dawowa. Wannan aiki shi masana harkar kasuwanci ke kira tallata haja ko neman kasuwa, kuma yana cikin abubuwan da ke raba kasuwancin da ke girma da wanda ke cinye uwar kuɗinsa.

Ma'anar tallata haja

A bakin Bahaushe, talla ita ce ɗaukar kaya a zaga da su ana kiran masu saye, ko kuma sanarwar da ake ji a rediyo. A ilimin kasuwanci na zamani ma'anar ta fi haka faɗi. Ta ƙunshi duk abin da mai sana'a zai yi domin ya gano buƙatar mutane, ya samar da kayan da za su biya ta, ya sa musu farashin da za a iya saye, ya kai su inda mai saye zai same su cikin sauƙi, sannan ya sanar da shi. Sanarwa reshe ɗaya ce kawai, kuma ita ce takan zo a ƙarshe.

Akwai kuma bambanci tsakanin sayarwa da neman kasuwa. Mai sayarwa yana farawa ne daga kayan da ke hannunsa, yana neman wanda zai karɓa ya ba shi kuɗi. Mai neman kasuwa yana farawa daga mai saye, sai ya san abin da ake nema kafin ya zuba kuɗinsa a sari. Masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya bayyana a littafinsa na 1954 cewa manufar kowane kasuwanci ita ce samar da mai saye, domin shi ne ke biyan kuɗin haya da albashin yara da ribar mai gida.

A 1960 Theodore Levitt na Jami'ar Harvard da ke Amurka ya wallafa wata maƙala mai suna Marketing Myopia, wadda har yau ake karantar da ita. Ya kafa hujja da kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka, waɗanda suka ja baya a lokacin da sufurin mutane da kaya ke ƙaruwa. A ganinsa, sun ɗauka sana'arsu ita ce jirgin ƙasa, alhali abin da jama'a ke biya shi ne a kai su inda za su, don haka motoci da jiragen sama suka kwashe musu fasinjoji. Darasin ya shafi ƙaramin ɗan kasuwa ma. Telan da ya ɗauka ɗinki kawai yake sayarwa zai yi mamakin yadda masu kawo masa aiki ke komawa wajen wanda bai fi shi iyawa ba, saboda wancan yana cika alkawari kafin Sallah.

Tushensa a kasuwancinmu

Neman kasuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta rayu ne a kan wani tsari da ke haɗa baƙon falke da mai saye. Fatoma ne ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a wajen bashi. Dillali kuma ya san wanda ke neman kaya da nawa zai iya biya, ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun yi ciniki na nesa bisa amana da suna mai kyau, ba tare da allon talla ko ɗaya ba. Gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye bayan an cika mudu, da ɗanɗanon da mai kilishi ke miƙawa kafin a yi ciniki, duk dabarun jawo mai saye ne da riƙe shi.

Talla irin ta kafofin watsa labarai ta zo daga baya. Jaridar farko a Najeriya, Iwe Irohin, ta fara fita a Abeokuta a 1859. A 1928 aka kafa kamfanin West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas, kuma shi ake ɗauka a matsayin kamfanin shirya talla na farko a ƙasar. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, talabijin ya fara aiki a Ibadan a 1959, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, da sauran tashoshi masu zaman kansu da suka biyo baya, ya ba matsakaitan 'yan kasuwa damar jin sunan shagonsu a rediyo. Wayar hannu da intanet kuwa sun kai damar har ga matar da ke sana'a a cikin gida.

Rukunai huɗu

A 1960 malamin jami'a ɗan Amurka E. Jerome McCarthy ya tattara aikin neman kasuwa a rukunai huɗu, wato haja, farashi, wuri da sanarwa. Philip Kotler ya ƙara yaɗa wannan tsari ta littafinsa Marketing Management da ya fara fita a 1967. Kasuwar Najeriya tana da misalin kowanne.

Rukuni na farko shi ne haja kanta, da ingancinta da girmanta da mazubinta da sunanta. Lokacin da madarar Cowbell ta shigo kasuwar Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani aka fi sanin ta, kuma ba kowane magidanci ke iya sayen gwangwani guda ba. Kamfanin Promasidor ya zuba ta a ƙananan ƙunshi da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye ya sha shayin safiya ɗaya. Madarar ba sabon abu ba ce, girman ƙunshin ne ya buɗe kasuwar miliyoyin mutanen da kuɗinsu na yini ne. Daga baya sauran kamfanoni suka bi sahu, har ya zama omo da man goge baki da tumatirin leda duk ana samun su a ƙaramin ƙunshi a teburin kowace unguwa.

Rukuni na biyu shi ne farashi. Da aka fara wayar salula a 2001, kamfanonin farko suna cajin kira ne a kan minti, kusan Naira 50, ko da mutum ya yi magana ta daƙiƙa goma. Globacom ya shigo a watan Agustan 2003, ya tarar da abokan hamayya sun riga shi da shekara biyu, sai ya zo da cajin daƙiƙa-daƙiƙa. Cikin ɗan lokaci ya tara masu amfani da layinsa, sauran kamfanonin kuma dole suka koma irin tsarinsa. Wannan ba ya nufin karya farashi shi ne kullum mafita. Bahaushe ya ce arha ba ta ado, kuma wanda ya sayar ƙasa da abin da ya kashe yana gaggauta rufe shagonsa ne. Abin lura shi ne tsarin biya kansa yana jawo mai saye ko ya kore shi, ko rangwamen sari ne, ko biya kaɗan-kaɗan, ko rubuta farashi a jikin kaya domin mai jin nauyin tayi.

Rukuni na uku shi ne wuri, wato hanyar da kaya ke bi su isa hannun mai saye. Kamfanonin lemon kwalba sun daɗe da gane cewa mai jin ƙishirwa ba zai yi tafiya mai nisa neman wani suna ba, abin da ya samu da sanyi a kusa shi zai sha. Shi ya sa suke raba firji mai ɗauke da tambarinsu ga masu shaguna, motocinsu kuma na bin unguwa-unguwa. Haka kuma taruwar masu sana'a ɗaya a wuri guda, kamar 'yan atamfa da shadda a Kantin Kwari, 'yan kayan masarufi a Singa, 'yan hatsi a Dawanau da 'yan waya a Farm Centre, tana jawo mai saye daga nesa domin ya san zai samu zaɓi. A yau wuri ya haɗa da mai babur da ke kai kaya har ƙofar gida, da lambar asusun da za a tura kuɗi. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya nuna haka a fili, domin masu karɓar tiransifa da masu na'urar POS sun ci gaba da ciniki a lokacin da masu jiran tsabar kuɗi suka zauna.

Rukuni na huɗu shi ne sanarwa. Taliyar Indomie ta fara shigowa Najeriya a 1988, a lokacin da irin wannan abinci baƙo ne ga yawancin gidaje, kafin a fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Masu ita sun ɗauki shekaru suna dafawa suna raba wa mutane kyauta su ɗanɗana, musamman yara, suna kuma talla a rediyo da talabijin. Yau mai shayi a kowane gari yana dafa ta da ƙwai, kuma duk taliyar da ta yi kama da ita sunan Indomie ake kiran ta da shi. Haka Maggi ya zama magi, Omo ya zama omo a bakin Bahaushe, ko wane kamfani ne ya yi su. Idan sunan haja ya kai wannan matsayi, mai saye na ambatonsa tun kafin ya yi tunanin wani.

Rukunan nan huɗu tare suke aiki. Sanarwa mai kyau a kan haja marar kyau tana saurin kashe kasuwa, domin mutane da yawa za su gwada lokaci guda su kuma gaya wa juna abin da suka gani. Haja mai kyau da ba a san da ita ba kuwa tana zaune ne a kan kanta, kuma da rashin tayi akan bar arha.

Abin da yake ƙara wa kasuwanci

Amfani na farko shi ne kare jari tun kafin a kashe shi. Ma'aikacin da ya yi ritaya ya karɓi haƙƙinsa, ya kama shago ya cika shi da kayan da ya ga maƙwabcinsa na sayarwa, ya sa kuɗin shekara talatin da biyar a kan zato. Da ya ɗauki mako biyu yana zama a layin, yana ƙirga masu wucewa, yana tambayar abin da suke nema ba su samu ba, da ya san ko layin na buƙatar shago na shida mai kaya iri ɗaya. Wannan bincike ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma shi ne matakin farko na neman kasuwa.

Na biyu shi ne saurin juyawar kuɗi. Ribar ɗan kasuwa ba ta tsaya ga abin da ya ɗora a kan kowane kaya ba, ta haɗa da sau nawa jarinsa ya fita ya dawo a shekara. Wanda ke cin ribar kashi 5 cikin 100 amma yana sayar da kayansa kaf duk wata ya fi wanda ke cin kashi 20 amma sai sau biyu a shekara yake sake sari. A lokacin hauhawar farashi abin ya fi tsanani, domin kuɗin da ya kwanta a cikin kaya na iya kasa sayo irinsu idan an koma kasuwa.

Na uku shi ne suna. Mai saye yakan yarda ya ƙara kuɗi a wajen wanda ya amince da shi, domin yana sayen kwanciyar hankali tare da kayan. Suna mai kyau yana kuma sauƙaƙa samun kaya bashi daga manyan diloli, yana sa a karɓi sabuwar haja daga hannun mai shi ba tare da dogon bayani ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran tasiri a kan girma, shi ne dawowar mai saye. Kasuwanci na bunƙasa ne idan sababbin abokan ciniki suna ƙaruwa a kan tsofaffin da ba su tafi ba. Shimfiɗar fuska, cika alkawari, karɓar kayan da aka samu da aibi ba tare da rigima ba, da kiran mutum a sanar da shi cewa irin abin da yake so ya iso, su ne ke riƙe shi. Wanda aka kyautata wa kuma yakan kawo ɗan'uwansa da abokin aikinsa, tallar da babu kuɗin da ke sayen irinta.

Zaɓen kafa

Kafar da ta dace ita ce wadda masu sayen hajar ke amfani da ita. Rediyo har yanzu yana da ƙarfi a Arewa, musamman ga kayan da ake son labarinsu ya kai ƙauyuka, kamar taki da iri da magungunan feshi. Allon talla da rubutun jikin shago na aiki ga masu wucewa ta wurin kullum. Bajekolin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu ke shiryawa duk shekara a Kaduna da Kano da Legas na haɗa mai sarrafa kaya da diloli masu sari. Facebook da Instagram da TikTok sun dace da kayan da ido ke saye, irin su tufafi da takalma da kayan ɗaki da abinci. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018, tana ba mai sana'a damar jera hotunan kayansa da farashinsu kyauta.

Kowace kafa aka zaɓa, saƙon ya faɗi abin da ake sayarwa, amfaninsa ga mai saye, farashinsa idan zai yiwu, da inda za a same shi. Hoton da za a sa ya zama na kayan da ke hannu. Yawan mabiya a shafi ba shi ne ciniki ba, kuma kafin a biya wani fitaccen mai barkwanci ko jarumin fim ya yi talla, ya kamata a tambayi ko masu kallonsa su ne masu sayen irin wannan haja.

Lissafin kuɗin talla

Kuɗin talla jari ne, don haka ana bin sawunsa kamar kowane jari. A ɗauki misalin mai gidan burodi da ya kashe Naira 60,000 a wata guda, ya samu sababbin masu sari 40. Kowane ɗaya ya zo masa a kan Naira 1,500. Idan ribar da yake samu a kowane sari Naira 1,000 ce, kuma kowa sau ɗaya ya saya bai dawo ba, ya samu 40,000 ke nan, ya yi faɗuwar 20,000. Idan kuwa rabinsu suka dawo sau huɗu, an ƙara 80,000, jimilla 120,000, tallar ta mayar da kuɗinta ta kuma kawo riba kwatankwacinsu. Tallar ɗaya ce a duka lissafin biyu, ingancin burodin da mu'amalar mai shi ne suka raba su.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da ke aiki ita ce tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labari, a rubuta a littafi. Bayan wata uku littafin zai nuna kafar da ta cancanci a ƙara mata kuɗi da wadda za a bari. Yana da kyau kuma a fara da kaɗan, a gwada saƙo biyu ko kafa biyu, kafin a saki kuɗi mai yawa.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kula da Tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON ta 1988, ita ke tantance talla kafin a fitar da ita, kuma ikonta ya haɗa da tallar intanet. Abinci da magani da kayan kwalliya, har da maganin gargajiya da aka ƙunsa domin sayarwa, suna buƙatar rajistar NAFDAC, tallarsu ma sai da amincewarta. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar mai saye game da inganci ko farashi ko asalin kaya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shafi duk mai tara lambobin wayar mutane domin tura musu saƙon talla.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC daban take da rajistar tambari. Ta biyun ana yin ta ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, tana aiki shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Wanda ya kashe kuɗi ya gina suna bai yi wannan rajista ba zai sha wahalar hana masu jabu amfani da shi. Ma'aikatan gwamnati kuma su tuna cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa da hannunsa, ban da noma.

Tun kafin waɗannan dokoki, malaman fiƙihu sun yi bayanin haramcin ɓoye aibin kaya, da tauye mudu, da algus, da sa wani ya yi tayin ƙarya domin a ɗaga farashi. Ta fuskar ciniki ma ramin ƙarya ƙurarre ne, domin wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma a zamanin waya labarinsa na iya zaga gari kafin la'asar.

Kurakuran da aka fi yi

Mafi yawa shi ne jiran sai kasuwa ta mutu kafin a tuna da talla, lokacin da babu kuɗin yin ta. Sai ƙoƙarin sayar wa kowa da kowa, alhali shagon da ya san mutanensa, ko ɗalibai ne ko amare ko magina, ya fi saurin kafuwa. Akwai masu yin talla mai kyau amma a kira lambar da suka bayar ba a ɗauka, ko a tura saƙo sai bayan kwana biyu a amsa. Akwai kuma masu barin yaran shago suna yi wa mai saye kallon raini, su rusa a minti ɗaya abin da mai gida ya kashe dubbai yana ginawa.

Ɗan kasuwar da ke son ya fara gyara ba sai ya jira kuɗi mai yawa ba. Zai iya buɗe littafi yau ya rubuta sunayen mutum ashirin da suka fi yi masa ciniki, abin da kowannensu ke saye, da ranar da ya zo na ƙarshe. Waɗanda suka daɗe ba su leƙo ba, ya kira su ya ji dalili, ya kuma saurari amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Daga abin da suka faɗa zai san ko hajarsa ce ke buƙatar gyara, ko farashinsa, ko wurinsa, ko kuwa sanarwa ce ta yi ƙaranci.